Gazon a Ƙasar Gawo

Idan bazara ta tsananta a watan Afrilu, abubuwa biyu kan faru a sa'a guda cikin manyan garuruwan kudancin Nijar. A unguwannin bayan gari, mata da yara na jere da jarkoki a bakin pampo, suna dakon ruwan da sau da yawa sai tsakar dare yake lekowa. A farfajiyar wasu ma'aikatu da otal-otal da gidajen masu hali kuwa, mai gadi ne riƙe da tiyo, yana shayar da wata koriyar ciyawa da ake kira gazon. Ciyawar nan ba a miya da ita, ba a yankar wa akuya ita, ko yaro ba a yarda ya taka ta. Ruwan da ke kwarara daga tiyon da wanda matan can ke jira, bututunsu ɗaya ne.

Wannan al'ada ta daɗe har ta daina ba kowa mamaki, kuma a nan ne cutar take. An wayi gari duk wanda zai ƙawata wuri, hukuma ce ko makaranta ko mai gida, abin da ke fara zo masa a rai shi ne tsiron da ya gani a hoton wata ƙasa mai yawan ruwa. Itatuwan da suka shekara dubbai suna jure wa farin wannan ƙasa kuwa, an bar su a bayan gari da sunan itatuwan daji, kamar dai dajin laifi ne. Lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya ba kwana-kwana: garkar ado da ba ta iya rayuwa sai da ruwan pampo kullum, a ƙasar da mutane ke sayen ruwa jarka-jarka, almubazzaranci ce, komai kyanta a ido. Kuma akwai abin da ya fi ta, yana nan a gindin kowa.

Lissafin da ba a son yi

Duk ɗan makarantar da ya kai ajin ƙarshe na firamare zai iya wannan lissafi a kan allo. Ruwa milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. A tsakiyar bazara, rana da iska na ɗauke wa ciyawar da ake shayarwa abin da ya kai milimita 7 zuwa 8 a yini. Ke nan ɗan filin gazon mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wanda bai kai tsakar gidan talaka ba, yana buƙatar lita 700 zuwa 800 kowace rana in ana so ya zauna kore. Jarka 35 zuwa 40 ke nan mai cin lita 20. Idan aka ɗauki ma'aunin lita 20 ga mutum guda a yini, wanda ma'aikatan ruwa suka saba aiki da shi a karkara, ɗan filin nan na shanye rabon mutum kusan 40. A wata guda ya haura lita 20,000.

Sai a dubi abin da sama ke bayarwa. A shekara mai matsakaicin albarka, Yamai na samun ruwan sama da ya ɗan wuce milimita 500, Maraɗi na kusa da haka, Damagaram da Tawa kuwa tsakanin 350 da 450 suke. Duka wannan cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Abin da zafi ke iya ƙafewa a shekara kuma ya zarce milimita 2,000. Duk tsiron da bai zo da dabarar cike wannan giɓi a jikinsa ba, dole wani ya cike masa, kuma da ruwan sha ake cikewa.

Ruwan shan nan ba a banza yake zuwa ba. Damagaram bisa dutse take zaune, shi ya sa ake jawo mata ruwa daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma duk wanda ya yi bazara a garin ya san darajar ɗan ga-ruwa. Yamai na taƙama da kogin Isa, amma dattawan garin ba su manta da watan Yunin 1985 ba, lokacin da kogin ya tsaya cak ya daina gudu. Ruwan da aka haƙo, aka tace, aka zuba masa magani, aka turo da wutar lantarki, shi ne ake zubarwa a kan ciyawar da in aka yi mako guda ba a shayar da ita ba sai ta koma burtuntuna.

Inda aka samo wannan ɗabi'a

Gazon ɗan ƙasashen yayyafi ne, irin su Ingila da arewacin Faransa, inda sama ke shayar da shi kyauta kusan duk shekara. Da Turawan mulki suka gina gidajensu da biro-bironsu, sun zo da tunanin garkar ƙasarsu. Da suka tafi a 1960 sun bar gine-ginen, sun kuma bar wannan tunani cewa wurin da ya waye shi ne mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da itatuwan da ba a san sunansu da harshen gida ba. Daga Madagaska aka kawo fulamboyan mai jan fure da iccen nan mai rassa hawa-hawa da ake kira etajer. Daga Ostiraliya aka kawo iccen turare, wanda kowa ya san yadda yake tsotse damshin ƙasa, ga shi ba abin da ke tsira da kyau a gindinsa.

Dokar gandun daji ta zamanin mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1935, ta ƙara dagula lamarin, domin ta raba manomi da iccen da ke cikin gonarsa ta mai da shi na hukuma. Dokar 1974 ta biyo sawunta. Icce ya zama abin jawo tara, har manomi ya gwammace ya tumɓuke ɗan gawo tun yana ƙarami, kada ya girma ya haɗa shi da ma'aikacin gandun daji. Ta haka iccen gida ya rasa mai shi a gona, ya kuma rasa daraja a gari.

Ba a yi ƙwauron dashe ba. Tun 1965 aka fara yi wa Yamai zoben itatuwa mai faɗin hekta 2,500, akasarinsa dogon yaro, wanda yau filaye da gidaje suka cinye wani babban sashe nasa. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Shekara 50 ana dasawa, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Da a ce rabin abin da aka dasa ya rayu, da yanzu ba a ganin rana a farfajiyar kowace makaranta. Ana ƙidaya abin da aka sa a rami ranar biki, ba a komawa a watan Mayu a ƙidaya abin da ya tsira da ransa.

Darasin da ya fito daga gona

Abin kunyar shi ne, an riga an warware wannan matsala a ƙasar nan, kuma waɗanda suka warware ta yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba. A farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, yana aikin raba dashe a karkarar Maraɗi, mafi yawan abin da ya raba yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmusan da ake sassabewa kowace shekara a gonaki, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa tana aiki. Abin da suke buƙata kawai shi ne a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su daga gatari da wuta. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani. Mutumin da ya fito daga ƙasar iccen turare, sabara da kalgo ne suka buɗe masa ido.

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Saga ta ƙasar Agye, zuwa Magariya da Matamaye da Miriya inda manoma suka daɗe suna renon gawo, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Da masu bincike irin su Mahaman Larwanu da Chris Reij da Gray Tappan suka auna da hotunan sama a tsakiyar shekarun 2000, sun tarar da gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin icce miliyan 200. Ba tiyo, ba leda, ba mai gadi. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta sassauta wa manomi kan iccen gonarsa, bayan shi ya riga ya nuna hanya. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, gwanin ramukan da mutanen Ilela da Badagishiri ke kira tassa.

Daga ƙasashe masu nisa ana zuwa koyon wannan aiki a gonakin Maraɗi da Damagaram. Amma a cikin garuruwan Maraɗi da Damagaram ɗin kansu, mai son ƙawata ƙofar biro bai ga abin koyi a wurin manomi ba. An yi bukukuwan gyaran birane, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, an ga kwalta da fitilu da gine-gine, abin da ya nuna in ana son ado ana samun kuɗinsa. Kwalliyar da za ta biya kuɗin sabulu kuwa ita ce wadda ke nan da ranta bayan shekara 10, ranar da ba a biyan kowa ya shayar da ita.

Hujjojin masu ƙin na gida

Hujjar farko ita ce iccen gida ba ya saurin girma. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Aduwa da gawo da kandili kan yi shekarunsu na farko suna aiki a inda ido ba ya gani, suna tura saiwa neman ruwa. Iccen Tenere, kandilin nan da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɗe shi a 1973, wanda gangar jikinsa ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aka gina rijiya kusa da shi an tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30. Wannan jinkiri shi ne jarin da icce ke tarawa don ranar fari. Kuma idan aka dasa mai saurin girma sau biyar yana mutuwa sau biyar, wa ya riga wani kai wa ga inuwa?

Hujja ta biyu, ƙaya. Ba kowane iccen gida ke da ƙaya ba: kalgo, sabara, taramniya, marke, kanya, ɗanya, tsamiya, kuka, duk ba su da ita. Masu ƙayar kuma wurinsu bakin shinge, inda ƙayar ce aikinsu. Abin dariya ma, iccen ƙayar da ya fi addabar ƙasar nan baƙo ne. Shi ne wanda masana ke kira Prosopis juliflora, ɗan nahiyar Amurka, da aka shigo da shi don tsai da rairayi, ya je ya mamaye gaɓar tafkin Cadi a jihar Difa har ya toshe wa masunta da makiyaya hanya.

Hujja ta uku ba a cika faɗinta a taro ba, sai a zaure: wai tsamiya da kuka matattarar iskoki ne, ba a ajiye su kusa da yara. Iskokin nan dai ba su taɓa hana kowa shan kunun tsamiya ko cin tuwo da miyar kuka ba, kuma kasuwanni da ƙofofin fada da yawa a ƙasar Hausa a gindin waɗannan itatuwa suka girma. Malamin da ke koyar da kimiyya da safe bai kamata ya sare tsamiya da yamma don tsoron mutanen ɓoye ba.

Hujja ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa ta adalci. Za a ce dogon yaro ma baƙo ne daga Indiya, zogale haka, mangwaro haka, to a kore su ke nan? Ko kusa. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ya yi wa ƙasar nan hidima. Layukansa da aka fara dasawa a kwarin Majiya ta ƙasar Buza tun 1975 sun karya iska sun ceci gonaki, kuma inuwarsa ce ajin yara da yawa. Zogale na ciyarwa. Ba takardar haihuwa ake tambayar icce ba. Ana tambayarsa abu biyu ne: nawa yake sha, me yake bayarwa? Mangwaro a fadama inda ruwa ke kusa ya ci jarabawa, mangwaro a kan tudun fako ana bin sa da bokiti ya faɗi. Sai dai ko dogon yaron bai kamata ya zama shi kaɗai ba. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama shi a sassa da yawa na Nijar, ganye na zuba, rassa na bushewa, hankalin ma'aikata ya tashi, domin an tara inuwar garuruwa duka a kan icce iri ɗaya.

Akwai kuma masu cewa iccen gida ba shi da kyan gani. Waɗannan ba su taɓa tsayawa gaban sansami ba a tsakiyar rani, lokacin da ya zubar da ganye ya lulluɓe da fure mai ruwan hoda, ko marga da furenta rawaya ke zubowa kamar an rataya mata sarƙoƙi. Ƙariya kuwa, mai kumburarren gindi da jan fure, ƴar wannan yanki ce, tana tsira a kan duwatsu ba mai ba ta ko kofi guda. Masu sana'ar fure a Tailan da wasu ƙasashe sun ɗauke ta sun hayayyafa ta, suna sayar wa duniya a tukwane da tsada. Ranar da ta dawo da sunan Turanci a jikin tukunya, ranar ce za a saye ta a ajiye a ƙofar falo.

Abin da ya kamata a shuka, da yadda za a yi

Zaɓe na farawa ne daga ƙasa, kamar yadda kowane manomi ya sani. A jigawa, inda rairayi ke da zurfi, gawo da sabara da kalgo da aduwa ne sarakai. A fako da tsandauri, sai geza da anza da dakwara da jiga. A laka da gefen fadama, bagaruwa da kanya da tsamiya da giginya. Magarya da kurna ba su da zaɓe sosai. Wanda ya rasa inda zai fara, ya fita bayan gari a watan Mayu ya ga abin da ke kore ba mai shayar da shi a ƙasa irin tasa. Abin da ya gani, shi ne jerin da zai yi aiki da shi.

Don inuwar farfajiya, a haɗa iri-iri: kurna da aduwa masu riƙe ganye yawancin shekara, tsamiya da kanya don jikoki, gawo a gefen filin wasa ko gonar makaranta. Shi gawo ana masa shaguɓen ya ƙi ruwan Allah, don yana kaɗe ganye da damana ya tofo da rani, alhali wannan ce baiwarsa: yana ba hatsi rana da taki lokacin noma, ya ba mutum da dabba inuwa da ƴaƴa lokacin da kowa ya bushe. Ba a banza ba tarihin Damagaram ya riƙe cewa a ƙarni na 19 sarakunanta sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo.

Don shinge, aguwa da dashi sun isa. Reshe ake yanka a kafa a ƙarshen rani, su kama da kansu, sai dai a gargaɗi yara kan ƙaron aguwa da na ƙariya, domin na farko na cutar da ido, na biyu dafi ne. Jirga da lalle na karɓar aski kamar kowane shingen Turawa, ga ƙamshin furen lalle da daddare. A maimakon gazon, a dasa gindin gamba da jema da nobe a layi, a bar yaɗiya ta shimfiɗu, sauran fili a share shi a zuba tsakuwa ko yashi. Tsakar gida mai shara a ƙarƙashin inuwa ita ce garkar Bahaushe tun fil azal, kuma ba ta taɓa zama abin kunya ba.

Mai son ƴaƴan marmari ma ba a bar shi a baya ba. A cibiyar binciken ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, an yi wa magaryar gida aure da irin Indiya mai manyan ƴaƴa, aka samu abin da ake kira tuffar Sahel: saiwa ta gida mai jure fari, ƴaƴa masu shiga kasuwa. A Dalli ta ƙasar Tanut, gidauniyar Eden ta daɗe tun ƙarshen shekarun 1980 tana nuna cewa ana iya shuka irin itatuwan gida kai tsaye a rami, ba reno ba shayarwa. Anzar da aka raina a matsayin abincin yunwa, wadda ake jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita a sami dilo, ita ta riƙe gidaje da yawa a 1984 da 2005, kuma yau kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa ta a Damagaram yana sayarwa a leda.

Iccen gida ma jariri ne a farkonsa, yana son kulawa rani ɗaya ko biyu. Irin gawo da na bagaruwa masu taurin ɓawo ne, sai an ɗan kankare su ko an jiƙa a ruwan zafi kafin su tsira da wuri. Kada a bar dashe ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe, domin iccen da saiwarsa ta murɗe ba ya sake neman zurfi. A yi masa rami mai taki, a kewaye shi da rabin wata don ya tare ruwan sama, a rufe gindin da kara ko ganye. Tulun da aka binne kusa da shi, ana cika shi sau ɗaya ko biyu a mako, ya fi bokitin da ake watsawa kullum a sama. Ruwan alwala da na wankin hannu, in aka yi musu hanya, sun isa renon itatuwan masallaci da na makaranta. Sannan kariya daga awaki, wadda in babu ita duk sauran aikin banza ne.

Sai maganar lokaci. Damana a kudancin Nijar kan ɗauke a cikin watan Satumba. Iccen da aka dasa ranar 3 ga Agusta mako shida zuwa takwas ne kawai gare shi kafin ruwa ya yanke, ga makarantu a rufe har Oktoba, ba kowa a farfajiya sai awakin unguwa. Wanda ke son icce ya rayu ya dasa da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, ya damƙa amanarsa ga kwamitin iyayen yara. Ranar biki kuma ta zama ranar da ake zagayawa a nuna abin da aka dasa bara da ke nan da rai.

Abin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu

Wannan magana ta wuce ta ruwa kaɗai. Allon da almajiri ke karatu a kai, da iccen aduwa ake sassaƙa shi. Tawadarsa da ƙaron dakwara take kama jiki. Majemin Damagaram da bagaruwa yake jima, maƙeri gawayin kirya yake nema, mai saƙar tabarma da faifai kaba take jira, ganyen magarya kuma shi ke raka mamaci wankansa na ƙarshe. Garuruwa sun ci sunan itatuwa, ga Magariya, ga Bagaruwa. Yaron da ya tashi a birni bai taɓa ganin marke ko taramniya ba, in ya ji su a karin magana ko a bakin kakarsa, sauti ne kawai ba hoto. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da yaransa ke iya kiran sunan fulamboyan amma ba su san dubagira daga jikin wane icce take fitowa ba, ya fara zubar da ganye ko da an rubuta shi a kundin doka.

Don haka farfajiyar makaranta ita ce wurin farawa, kuma ba ta buƙatar jiran wani shiri daga waje. Kowane aji ya ɗauki icce iri guda, yara su tsinto irinsa da kansu, su tambayo tsofaffi amfaninsa da kirarinsa, a rubuta sunansa a ɗan allo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci ko Tamajak gwargwadon mutanen wurin, sannan na kimiyya a ƙasa. A cikin wannan aiki guda akwai lissafi, akwai kimiyya, akwai tarihi da rubutu. Makarantar da ta tara iri 20 cikin shekara biyar ta mallaki ɗakin karatu mai rai wanda gara ba ta ci.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa, da suka iya cika gidan matasa da wasan kwaikwayo kan auren dole da allurar rigakafi, za su iya mai da mai shayar da gazon a bazara abin dariya a dandali, domin abin da doka ta kasa hanawa sau da yawa kunya na hana shi. Su ne kuma ya dace su tunkari magajin gari da tambaya a duk lokacin da za a ƙawata wata mararraba ko ƙofar gari: me za a dasa, lita nawa zai sha a watan Afrilu, daga ina ruwan zai fito, wa zai biya bayan shekara uku? Masu renon itatuwa a bakin hanya ƴan kasuwa ne, abin da ake nema suke ajiyewa. Ranar da makarantu 10 suka je neman sansami da jirga da kanya, za a wayi gari suna jere a leda.

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar da manomanta suka raya icce miliyan 200 da wuƙa da haƙuri ba ta da uzurin yin aron garka. Damana mai zuwa na tafe, irin kurna da na aduwa na zube a kasuwa da bayan gari kusan kyauta, kuma babu farfajiyar da ta rasa wurin rami goma. Daraktan makarantar da ya haƙa su bana, ko an yi masa canjin wurin aiki baɗi, ya bar wa yara inuwar da ba za a aiko mata da takardar kuɗin ruwa ba.